Filin da Aka Bari a Sito Ba Asara Ba Ne

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin masu ajiyar hatsi, daga Anka har Gummi, wai "fili a sito asara ne." Da zarar kaka ta yi, farashi ya sauka, mai ɗan jari ya kama ɗaki ko shago, sai ka gan shi tsaye a bakin ƙofa yana ba 'yan dako umarni: a danna, a matse, a kai bango, a kai rufi. Hankalinsa ba ya kwanciya sai ƙofa ta rufu da ƙyar. A lissafinsa, tunda ya biya hayar shekara, duk taƙin da buhu bai hau ba kuɗinsa ne ke zuba. Mutumin da zai tsaya yana ja-in-ja kan naira ɗari a tiya, shi ne zai jibge dukiyar miliyoyi a kan siminti tsirara, ya datse da kwaɗo, ya ce sai bazara.

Ban ce babu dalili ba. Rashin tsaro ya sauya yadda ake ajiya a yammacin Zamfara. Da, manomi a yankin Bagega ko Gwashi ko Gayari yana da rumbunsa a gida, ya zuba dammunansa, ya riƙa ɗibar na ci. Yanzu kowa ya san abin da 'yan bindiga ke yi wa rumbuna: su kwashi abin da za su iya, sauran su cinna masa wuta. Hare-haren farkon watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun tashi garuruwa da dama, kuma ba su ne na farko ba, ba su ne na ƙarshe ba. Don haka wanda Allah ya ba ikon noma, yana girbewa yake sussukewa, ya ɗura a buhu, ya yi cikin gari da shi. Garuruwa sun cika da mutane da kaya, ɗaki ya yi tsada. Na yarda da wannan duka. Amma tsadar ɗaki ba ta sa danshi ya ji tausayin kowa ba.

Sito dai ba ya buƙatar dogon bayani. Duk inda aka tara kaya ana jiran lokaci sito ne, ko manyan ɗakunan ajiya na kasuwar Dawanau a Kano, ko shago a Nasarawar Burkullu, ko ɗakin da ke jikin zaurenka. Ƙa'idarsu ɗaya ce.

Kuma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku dubi rumbun da muka gada. Ba a ƙasa yake zaune ba, a kan duwatsu ake ɗora shi, har kaji su riƙa shiga ƙarƙashinsa suna tsince gara. Jinkar da ke kansa tana tare ruwa, tana tare rana. A sarari ake gina shi, mai gida na iya zagaya shi ya ga inda ya tsage. Gero yana shiga da zangarniyarsa, iska tana ratsa shi. Ba a taɓa jin wani dattijo ya ce filin da ke ƙarƙashin rumbu asara ne ba. Da muka koma buhu da siminti da kwano, hatsin muka taho da shi gari, ilimin muka baro a ƙauye.

Mu fara da ƙasa, don nan ɓarna ta fi yawa. Siminti yana yaudarar ido. Ka taɓa shi ka ji a bushe, alhali yana shan ruwa daga ƙasa a hankali, musamman daɓen da aka zuba ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa ba, kuma yawancin shagunanmu haka aka yi su. Busasshen hatsi kuwa jan danshi yake daga duk abin da ya taɓa. Wanda yake shakka ya gwada da damina: ya shimfiɗa leda a daɓen sitonsa da dare, ya danne gefunanta, da safe ya ɗaga ya duba bayanta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana kwashe irin wannan sito a watan Yuni ko Yuli ya san yadda abin ke tafiya. Buhunan sama suna fita sumul, 'yan dako na raha, dillali na zura hannu yana yaba kaya. Ana zuwa layin ƙasa raha take ƙarewa. A ja buhu ya ƙi tasowa. A sa ƙarfi, gindinsa ya yage, ya bar masara manne da daɓe, ta yi baƙi, ta dunƙule, fumfuna ya lulluɓe ta, wari ya sa kowa ya ja bakin riga ya toshe hanci. Sai mai kaya ya girgiza kai ya ce ƙaddara ce. Haba Alhaji! Ƙaddara gaskiya ce, amma kai ne ka hana a shimfiɗa katako, ka ce zai cinye maka wurin layi guda.

Da a ce zubar da wannan masara ake yi, da abin ya tsaya a aljihun mai ita. Ba a zubarwa. Shanya ta ake yi, a gauraya da mai kyau, a kai inji, ta zama tuwo a gidan wanda bai ji ba bai gani ba. Wani nau'in fumfunan da ke kama masara da gyaɗa yana fitar da guba da ake kira afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci yana jawo kansar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Cin ta da yawa a lokaci guda kisa take yi. A ƙasar Kenya a 2004, mutum 317 suka kwanta saboda gurɓatacciyar masarar da aka ajiye da danshi, 125 daga cikinsu suka mutu. Mai sayar da irin wannan kaya ya sani ba algus kaɗai ya yi ba, haƙƙin rai ne yake ɗauka.

Sai bango. Bango ma yana shan ruwan da ke dukansa daga waje, yana miƙa wa buhun da ya jingina da shi. Ta jikinsa gara ke hawa. A bayan buhunan da suka manne da shi ɓera ke haihuwa hankali kwance, don ya san babu mai iya leƙo shi. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba, kuma abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi ya fi abin da yake ci. Ga nauyi: tarin da aka jingina da bango tura shi yake yi dare da rana, kuma bulon da ake gina shagunan haya da shi ba don wannan aka yi shi ba. Rufi kuma, kwano ne. Da rana ya gasa buhunan da ke kusa da shi, da dare ya yi sanyi, raɓa ta taru a cikinsa ta riƙa ɗiga. In ƙusa ɗaya ta saki, ruwa zai yi wata yana zuba a wuri guda ba wanda ya sani, tunda ba ta inda za a hau a duba.

Na san abin da mai sito zai ce: duk wannan surutu ne, a zo ga lissafi. To bismillah. A ce ɗaki ne mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. In aka shimfiɗa buhunan masara bango zuwa bango, kimanin 30 ne za su kwanta a layi ɗaya. A yi layi 9, ka sami buhu 270. In kuwa aka bar rabin mita ta kowane gefe, 18 ne za su kwanta a layi, layi 9 ya ba ka 162. Bambancin ya haura buhu 100, kuma ba zan ce ƙaramin abu ba ne. Amma a sake duba 270 ɗin nan. Guda 30 suna kwance a ƙasa. A kowane layi na sama, 18 suna jikin bango. In ka haɗa, buhu 174 ne ke taɓa ko daɓe ko bango. Waɗanda ba su taɓa komai ba ba su kai 100 ba, su ma ba mai iya ganinsu. A ɗakin da aka bar fili kuwa, duka 162 suna kan katako, babu mai taɓa bango, kuma kana iya zagaya su da tocila. Ban ce duka 174 ɗin za su lalace ba. Na dai ce ka tambayi kanka: hayar ɗaki na biyu, ko ka haɗa gwiwa da wani ku kama tare, kuɗin buhu nawa ce? Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani kuma cewa yake yi, ai kayan ba daɗewa za su yi ba, mako biyu ne farashi ya motsa in fitar. Wa ya ba ka wannan tabbaci? A watan Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. Wanda ya ajiye kaya da niyyar kasuwa mai zuwa, haka ya zuba musu ido. Ko ba dokar gwamnati, hanya kan rufe, direbobi su ƙi tasowa, farashi ya ƙi tashi. A wannan yanki ba mai kaya ke yanke ranar fitar kayansa ba, saboda haka a jera su tun farko kamar za su shekara. Mutanen Gummi kuma ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar watan Agustan 2024, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu. Katako ba zai tare ruwan da ya kai ƙugu ba, gaskiya ne. Amma ruwan da ya fi yawan shiga shaguna na idon sawu ne, kuma wannan katako yana maganinsa.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika lissafa ta ba. Sito cunkusasshe ba ya ƙirguwa. Mai shi da kansa bai san ko buhu nawa ke ciki ba, ƙiyasi yake yi. Ranar da aka kwashe aka ga giɓi, yaron shago ake kamawa, ko a fara zargin ɗan'uwa, alhali wataƙila tun ranar lodi aka yi kuskure. Maƙwabta da dangi na ƙauye sun kawo buhu biyu, buhu biyar, amana. An tura su can ƙurya an danne, mai amana ya zo nema a ce masa sai an sayar da na gaba. Kuma da yake na bakin ƙofa ne kullum ke fita, na ƙurya kan kwana biyu har sabon hatsi ya zo ya same shi, ƙwarin da ke cikin tsohon su yi ƙaura zuwa sabon.

Daga nan ne ake faɗawa magani, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Mutum ya toshe duk hanyar da zai duba kayansa, ya san ƙwari za su shiga, sai ya nemi kariya a kwalbar fiya-fiya. A yayyafa wa wake, a juya, a ɗinke. Sinadarin DDVP da ke cikin irin waɗannan magunguna ba a yi shi don a zuba a abinci ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015: ƙa'idarsu miligiram 0.01 a kowane kilo, aka riƙa samun waken da ya kai 4.6. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Turawa sun ƙi ci, to wa ke cinye shi? Mu, da 'ya'yanmu, a ƙosai da alale da garau-garau.

Ƙwayar Phostoxin ita an yi ta ne don hatsi, amma aikin ƙwararru ce. Iskar guba take fitarwa, kuma ba ta aiki sai an lulluɓe tarin da tamfol marar huji, an danne gefunansa a ƙasa, an bar shi kwanaki a rufe. Ta yaya za ka lulluɓe tarin da ya manne da bango huɗu? Sai a cusa ƙwayoyin tsakanin buhuna a ja ƙofa. Iskar ta sulale ta tsagar bango da ƙarƙashin kwano, ƙwarin ba su mutu duka ba, waɗanda suka tsira su haifi masu taurin kai. In kuma akwai masu kwana a ɗakin da ke jiki, musamman yara, ana iya wayar gari da gawa, don wannan guba ba ta da makari. Yanzu da gidaje suka cika da baƙi 'yan gudun hijira, ana kwana a zaure, ana kwana kusa da buhuna, wannan ba abin wasa ba ne.

In akwai mutanen da bai kamata a yi musu wa'azin haɗa abinci da abin da ba abinci ba a wuri ɗaya, to mutanen Anka da Bukkuyum ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a 'Yargalma da Dareta da wasu ƙauyuka, bincike ya nuna gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gidan da yara ke wasa. Sama da yara 400 suka rasu. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma buhu buhu ne a idon mai neman araha. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse ko garinsa kada ya ɗauki hatsi har abada, kada ma ya kwana ɗaki ɗaya da shi. Haka takin zamani, haka maganin feshi, haka jarkar fetur. "Ai akwai ɗan wuri a can gefe" ba hujja ba ce.

Sauran matsaloli, irin su rashin manyan ɗakunan ajiya na gwamnati a kusa, da lalacewar hanya, da bashin da ke tilasta wa manomi sayarwa da wuri, duk suna nan, amma ba su ke hana mutum share ɗakinsa ba.

To me za a yi? Aikin yana farawa tun ɗaki na wofi. A fitar da komai. Filin da ake kuka a kansa, sau da yawa tarkace ne suka cinye shi: mataccen injin ban-ruwa, tsoffin tayoyi, ɗaurin buhunan bara, kwanon rufi da ya rage. A share har saman bango da kusurwoyi, a ƙone sharar nesa, don ƙwan ƙwari a cikinta yake. A liƙe tsaga da ramuka da siminti. A shiga da rana tsaka a ja ƙofa, a ɗaga kai: duk inda haske ya shigo ta kwano, ruwa ma zai shigo. A sa ragar waya a tagogi da ƙarƙashin rufi, iska ta wuce, tsuntsu da ɓera su tsaya. A nome ciyawar da ke kewaye, a gyara magudanar ruwa, a garuruwan bakin gulbi kuma a ɗaga dokin ƙofa.

Sannan katako. Ba sai irin na kamfani ba. Falankai a kan bulo, ko sanduna masu ƙwari da aka jera aka gicciya, muddin buhu ya tashi daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15 kuma ba ƙusar da za ta huda shi. A manyan ɗakunan ajiya mita guda ake bari tsakanin tari da bango, da kuma tsakaninsa da rufi. A ƙaramin ɗaki, a bar aƙalla inda mutum zai bi ya zagaya ba tare da ya goga kafaɗa ba. A ja layi da alli ko fenti a daɓe tun kafin mota ta iso, don in kaya suka fara sauka ba mai sauraron kowa.

Wurin da ake samun ƙarin fili na gaskiya shi ne a jeri. Buhuna su zama cikarsu ɗaya, ɗinkinsu ɗaya, bakinsu yana kallon ciki. Layi ɗaya a tsaye, na kansa a gicciye, kowane buhu ya danne biyu. Tarin da aka ɗaure haka yana tsayuwa da kansa, yana hawa sama lafiya, kuma ƙirga shi ba wuya: na layi ɗaya sau yawan layuka. Wanda aka watsa yadda aka ga dama kuwa ramuka ne a cikinsa, yana cin wuri, yana iya ruftowa kan ɗan dako. Kowane irin kaya da tarinsa, gero daban, wake daban, na bara daban da na bana. A maƙala kwali a jikin kowane tari, a rubuta mai shi, da ranar shigarsa, da adadinsa, duk abin da ya fita a rage. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita, ko da hakan na nufin a ƙara wa 'yan dako wani abu.

Kada jiƙaƙƙen hatsi ya shiga ko na waye. Masara da dawa sai danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'urar awo, ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza sosai, ya ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da kaya shanya. Kuma a bar hatsi ya huce kafin a ɗura, kada a kwaso shi da zafin rana a ɗinke.

Wake kuwa, wanda shi ne ya fi jawo fiya-fiya, an daɗe da samo masa mafita. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya, kuma ana yin sa a Kano. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da suka biyo waken daga gona su shaƙe sauran iskar, su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ganga mai murfin da ke rufuwa gam ita ma haka take aiki, in an cika ta. Sharaɗin dai kada ledar ta huje, wato mun sake dawowa kan katako da nisantar bango, don ɓera huji ɗaya zai yi ya rushe aikin.

Bayan haka sai ziyara. Kowane mako a buɗe, a zagaya da tocila, a sansana, a zura hannu tsakanin buhuna a ji ko akwai ɗumi, don ɗumi alama ce ta danshi ko ƙwari. A duba ƙasa ko akwai gari ko kashin ɓera. Buhun da aka samu da matsala a fitar da shi ranar, kada a ce sai an samu lokaci.

Ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi a Anka da Gummi da Bukkuyum, su sa wannan cikin sharuɗɗan ba da hayar sito, su kuma hana zuba fiya-fiya a wake a filin kasuwa. Shugabannin 'yan dako su ma suna da ta cewa, tunda hannunsu ne ke jeri, kuma kansu tari ke ruftowa. Kai kuma mai niyyar ajiya bana, tun hatsi na gona ake neman katako da alli, ba ranar da mota ta tsaya a ƙofar shago ba.